Bakin Hajiya Mairo

A wajen sunan jikar wata ƙawata a East Greensboro, nan Amurka, muna cikin cin waina, wata budurwa 'yar jami'a ta tambaye ni aikin da nake yi. Na ce mata ni tafinta ce, a asibiti da kotu. Ta zaro kyawawan idanunta ta ce, "Kai Anti Binta, ashe hutawa kike yi! Ki ji Hausa ki faɗi Turanci, shi ke nan a biya ki? Wallahi hutun nan ni ma zan fara." Ƙawayenta suka kwashe da dariya, na taya su. Ban ba ta amsa a ranar ba, don hannuna da bakina duk miya. Ga amsar yanzu, gare ta da duk mai irin tunaninta.

Wanda ya koya mini sana'ar nan Baba Yohanna ne, mutumin wajejen Kafanchan, tsohon malamin makaranta kuma dattijo a cocinsu. Kafin ya yarda in buɗe baki a gaban likita, sai da na daɗe ina binsa ɗaki ɗaki ina kallo kawai. Shi ya nuna mini inda ake tsayawa: bayan kafaɗar marar lafiya kaɗan, don likita ya dubi mai ciwon, ba tafinta ba. Shi ya hana ni cewa "ta ce" ko "ya ce". In mace ta ce cikina yana ciwo, ni ma cikina zan ce. In tsoho ya zagi nas, da bakina zagin zai fita, kuma ba zan wanke shi ba. Kayan aikin ba su da yawa: takalmi marar tsini, gorar ruwa, alawa mai yaji saboda maƙogwaro, biro biyu, da 'yar takardar riƙe sunan magani wadda ake yagawa kafin a bar ɗakin. Ni na ƙara da abu guda, littafin soyayya a ƙasan jaka, cikin waɗanda na cika akwati da su daga Kano, domin rabin aikin tafinta zaman jira ne. Duk sanda Baba Yohanna ya same ni a kai sai ya leƙo ya ce, "Binta, yau kuma wa ya yaudari wa?"

Aikin da ya fara buɗe mini ido na wani direban babbar mota ne daga Maraɗi. An kawo shi yana dafe da ƙirji, gumi na zuba, likita ya tambaye shi yadda yake ji. Ya ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Baba Yohanna ya juya maganar kamar yadda take, sannan ya ɗaga hannu ya ce yanzu tafinta ne ke magana da kansa: a wurinmu wannan amsar gaisuwa ce, wanda ke bakin mutuwa ma haka zai ce, a tambaye shi inda ke ciwo da tun yaushe. Aka tambaya. Kafin la'asar mutumin yana ɗakin tiyatar zuciya. Da muka fito Baba ya ce mini, "Kin ga hannun nan da na ɗaga? Shi ne sana'ar. Ki san lokacin ɗaga shi, ki san lokacin da za ki bar shi a aljihu."

Wanda ya yi shekaru a ɗakunan jira na asibitocin garin nan ba ya buƙatar a ba shi labarin ƙasar. Na ga injinan da ke leƙa cikin ƙwaƙwalwar mutum kamar ana leƙa tukunya. Na ga likitocin da suka dawo da jaririn da bai kai tafin hannuna biyu ba. Na kuma ga cewa tambayar farko a bakin ƙofa ita ce katin inshora, kuma saboda wannan tambayar mutanenmu da yawa ba sa zuwa sai ciwo ya ci jiki. Mai ciwon suga zai raba ƙwayar maganinsa biyu don ta kai shi ƙarshen wata. Mai hawan jini zai jira wani ya taho daga gida ya riƙo masa magani a cikin kayan yaji. 'Yan'uwanmu da ke Ingila da Jamus in mun yi waya kukansu layi ne da jira, mu namu kukan takardar da ke biyo mutum gida bayan an sallame shi.

Shekarar Korona ita ce muguwar shekararmu. Aka hana mu shiga ɗakuna, aiki ya koma waya, daga baya asibitoci suka sayo allo mai tayoyi da ake turawa gaban gado, wani tafinta daga wata jiha ya fito a ciki. Abokan aikina da yawa suka koma kai saƙon abinci gida gida. Baba Yohanna ya ajiye aikin gaba ɗaya. Ni abin da ya riƙe ni mace ɗaya ce, Hajiya Mairo, wadda ranar da aka turo mata allon ta juya fuska bango ta ce, "Ni ba na gaya wa talabijin ciwona. A kira mini Binta."

Hajiya Mairo wankin ƙoda ake mata. Mutuniyar Katsina ce, fara, siririya, mai ƙaramar murya, ba ta jin Turanci sai na gaisuwa. Mijinta Alhaji Sule shi ke kawo ta, kuma ni dai duk littattafan da na karanta ban ga namijin da aka rubuta ya kai shi ba. Injin wankin yana sa mutum jin sanyi, don haka tun a mota yake shimfiɗa bargonta a bakin hita mai ɗumama motar, ya shigo da shi a ƙarƙashin rigarsa da ɗuminsa. Ya zauna a gefen ƙafafunta yana matsa mata su, furfura ta cika masa gemu, amma har lokacin Amarya yake kiran ta.

"Amarya, yau kin fi jiya kyau."

"Alhaji, da mutane fa."

"Su wa? Waɗannan ba sa ji. Binta kuwa an hana ta faɗa."

"Ba a hana ni ba, Alhaji," na ce. "Duk abin da aka faɗa a ɗakin nan aikina ne in juya."

"To juya! Su ma su koya."

Shekarunsa sun wuce na tsayuwa a shago, amma yana tsayawa, a shagon wani gidan mai a kan hanyar Pleasant Garden, domin inshorar da ke ɗauke da wankin ƙodar ta wurin aikin nan take fitowa. Suna da 'ya ɗaya, Zulai, nas ce a Kanada. Da yake 'yar fari ce Hajiya ba ta kama sunanta, sai dai ta ce "waccan ta ƙasar ƙanƙara". Zulai kan kira ta bidiyo ana cikin wankin, kuma kullum gardamarsu ɗaya da mahaifinta.

"Baba, ku taho nan don Allah. Nan ba a ce wa tsoho ya tsaya a kanta kafin a duba matarsa."

"Ke da ƙasarku ta layi? Ba ke kika ce mijinki ya yi wata da watanni yana jiran likitan gwiwa ba?"

"Ya jira, Baba. Amma bai sayar da motarsa ba."

"Injin da ke wanke jinin uwarki babu irinsa a duniya."

"Akwai, Baba. Ni nake kunna shi kullum da safe."

Sai ya yi dariya har hularsa ta karkace, ya ce da ni, "Kin ji ta ko? Ta yi boko ta fi ubanta." Yana son ƙasar nan, yana cewa ita ta ba shi abin da ya aurar da ƙannensa ya kai mahaifiyarsa Makka. Zulai kuwa takan ce ƙasar da ta fi kowa kashe kuɗi a kan magani, amma mutanenta ba su kai na maƙwabta tsawon rai ba, akwai abin dubawa a lissafinta. Ba wanda ya taɓa kayar da wani.

Wata Talata da rana tsaka, bayan azahar, wani saurayi ya shiga shagon da bindiga yana son abin da ke cikin durowa. Alhaji ya ba shi. Duk da haka ya harbe shi. Kafin magariba 'yan sanda sun kama yaron, washegari muka kai Alhaji makwancinsa.

Hajiya ta shiga takaba, ba ta fita sai wankin ƙoda. Wata ma'aikaciyar asibitin mai kula da marasa galihu ta yi ta faɗi tashi har aka samo mata wata hanyar biyan wankin. Bargon yanzu ni nake riƙo mata, amma ban taɓa iya kawo shi da ɗumi irin nasa ba. Ba ta kuka a gaban mutane. Abu ɗaya take maimaitawa, idonta a kan silin, jininta na zagayawa a cikin roba: "Allah ya isa. Allah ya isa tsakanina da shi."

A nan sai na yi wa yara irin budurwar nan ta wajen suna bayani, domin aikin kotu daban yake da na asibiti. A shari'ar da Hajiya ta tashi ta sani, in an kashe mutum magana tana hannun magadansa: su nemi a kashe, ko su karɓi diyya, ko su yafe. A nan ba haka ba ne. Jiha ce mai ƙara, kuma lauyan gwamnati shi ke yanke ko zai nemi hukuncin kisa. Kanada da Ingila da ƙasashen Turai da na sani sun daɗe da barin kisa, maƙwabciyarmu Virginia ma ta bari, amma North Carolina dokar tana nan, ko da yake an jima ba a zartar ba, kuma akwai mutanen da ke zaune a kurkuku da hukuncin a wuyansu. Sai dai kafin lauyan ya yanke, yakan kira iyalin mamaci ya ji ta bakinsu, kuma abin da suka faɗa yana da nauyi. Ranar da aka kira Hajiya, ni aka ɗauka in zama bakinta.

Zulai ta sauko daga Kanada saboda zaman. A wurin ajiye motoci na tsakiyar gari, kafin mu shiga, ta bar mahaifiyarta a mota ta jawo ni gefe. Idanunta sun yi ja, amma muryarta a tsaye take.

"Anti, kin san abin da Mama za ta ce. In ta faɗa, ki juya shi kalma da kalma kawai. Kar ki ƙara komai."

Na gane nufinta sarai. "Allah ya isa", in aka ɗauke shi kalma da kalma aka kai Turanci, sai ya zama maganar mace mai tawakkali, wadda ta ce Allah ya wadace ta, ta haƙura, ba ta neman komai. In lauya ya ji haka zai ɗauka uwar gida ta sauko. Mu kuwa mun san ba a faɗar wannan kalma sai zuciya ta ƙuna, sai an zalunci mutum ya rasa mai rama masa.

"Ai ba ƙarya kika yi ba, Anti. Kalmominta ne."

"Zulai, a nan kalma da kalma ita ce ƙaryar."

"Rai ne fa! Ubana ya kashe, na fi kowa sanin abin da ya yi. Amma ni aikina raya mutane, ba zan zauna a ɗaure yaro a gado a kashe shi da sunan Baba ba. Inda nake zaune ba a yi, kuma ba mu fi ku yawan gawa ba."

"Ki faɗa a ciki da bakinki, kina da Turanci kina da haƙƙi. Ni bakin mamanki aka ɗauke ni in zama. Ba naki ba, ba nawa ba."

Ta dube ni kamar ba ta taɓa sanina ba, ta juya ta buɗe wa mahaifiyarta ƙofa.

Lauyar gwamnatin mace ce mai furfura, mai sanyin magana, ta ajiye kwalin tishu a tsakiyar tebur. Ta yi ta'aziyya, na juya. Ta yi bayanin inda shari'a ta tsaya, na juya. Zulai ta faɗi ra'ayinta da Turanci, na mayar wa Hajiya da Hausa a kunne. Sannan lauyar ta karkato ta ce tana son ta ji daga matar marigayin: me take so ya sami wanda ya kashe mijinta?

Hajiya ta gyara hijabinta ta ce, "Allah ya isa tsakanina da shi."

Na faɗi kalmomin yadda suke. Na ga fuskar lauyar ta yi laushi, ta fara gyaɗa kai. Sai na ɗaga hannu. Na ce yanzu tafinta ce ke magana: wannan kalmar a wurinmu ba ta haƙura ba ce, kalmar wanda aka zalunta ne, bai yafe ba, yana kiran Allah ya saka masa. Na sauke hannuna, na gaya wa Hajiya da Hausa abin da na ƙara, domin haka ƙa'ida take. Ta ce, "Haka ne." Zulai ta miƙe ta tafi bakin taga ta ba mu baya.

Lauyar ta ajiye bironta. Ta ce ta fahimta, kuma tana son Hajiya ta sani cewa a irin wannan laifi ofishinta yana da ikon neman hukuncin kisa, kuma jin matsayin iyali zai taimaka mata. Na juya.

"Kisa?" in ji Hajiya. "Da me suke kashewa a nan?"

Na mayar da tambayar. Lauyar ta ce da allura.

"Allura kuma?" Ta dubi hannunta na hagu, inda jijiyar ta kumbura saboda huda. "Ikon Allah. Ta rai sai da kati, ta mutuwa kyauta."

Na juya wannan ma.

"To wa ya ce musu su kashe shi? Ke Binta, me kika gaya wa matar nan?"

Na juya tambayar da ta yi mini zuwa Turanci, sannan na amsa mata cewa abin da ta ji na maimaita shi na faɗa, ban ƙara ba.

"To ki ƙara mata wannan. Allah ya isa na ce. Ban ce North Carolina ta isa ba."

Zulai ta juyo daga taga.

Hajiya ta ci gaba, a hankali, tana tsayawa a ƙarshen kowace magana don in kai, kamar yadda shekarun asibiti suka koya mata. "Na riga na kai ƙarata inda ba a sayen lauya. In kuka kashe shi, gobe ya tsaya gaban Ubangiji ya ce ai an hukunta ni tun a duniya. Ni kuma in kama wa? Ku bar mini shi. Ku rufe shi, ku ba shi abinci. Ya tsufa. Ya kai shekarun Alhaji, gwiwa ta riƙe shi, ya tashi da safe ya ji yadda bayan tsoho yake ciwo. Ran nan zai san wanda ya harba."

Lauyar ta tambaya, don ta tabbatar, ko wannan yana nufin ta yafe masa.

"A'a."

Ko tana son a nemi a kashe shi.

"A'a. Ta riƙe duka biyun, kar ta zubar da ɗaya."

Lauyar ta ce hukuncin ƙarshe na ofishinta ne, ba za ta yi alkawari ba, amma ta ji. A cikin lif Zulai ta tsaya kusa da ni ba ta dube ni ba. Sai da muka kai ƙasa ta ce, "Da kin bi maganata, da ban taɓa jin wannan daga bakin Mama ba." Hajiya ta ce, "Me kuke ƙus ƙus? Ku kai ni gida, ƙafata ta yi sanyi."

Aka yi watanni ba mu ji komai ba. Sannan aka kira: an daidaita da lauyan yaron, zai amsa laifinsa, a yanke masa ɗaurin rai da rai ba fita, ba za a nemi kisa ba.

Ranar yanke hukunci na zauna a gefen Hajiya a bencin gaba, bakina kusa da kunnenta, ina zuba mata maganar alƙali da ta lauyoyi ƙasa ƙasa yayin da suke yi. Wannan shi ne mafi wuya a aikin kotu, kunne na karɓa baki na bayarwa a lokaci guda. Aka shigo da yaron da kayan kurkuku, sarƙa a ƙugunsa. Dogo ne, wuyansa siriri, gemunsa ko haɗewa bai yi ba. Mahaifiyarsa tana bencin baya da rigar aikin wani gidan kula da tsofaffi, da alama daga wurin aiki ta taho. A ƙarshe alƙali ya tambaye shi ko yana da abin faɗa. Ya juyo wajenmu, kansa a ƙasa, ya ce da Hajiya "sori".

Kalmar nan guda ɗaya ce a bakinsu, a namu uku ce. Akwai sannu, ta wanda ya ga kana shan wahala. Akwai yi haƙuri, ta wanda ya taka ka. Akwai ki yafe mini, ta wanda ya san akwai ranar tsayuwa. In na zaɓa masa, na sa masa magana a baki. In na zaɓa mata, na taɓa abin da ba nawa ba. Na miƙe tsaye na ɗaga hannu, na nemi izinin alƙali a tambayi mai laifin wanne yake nufi, na bayyana ukun. Alƙali ya dube ni ta saman tabarau, ya ce an ba da izini.

Aka maimaita wa yaron ukun. Lauyansa ya matso zai raɗa masa wani abu, ya girgiza kai. Ya ɗago, karo na farko ya dubi fuskarta.

Na sunkuya na ce mata, da muryarsa a bakina, "Na ukun. Ki yafe mini."

Hajiya Mairo ta daɗe tana kallonsa. Ana jin kukan mahaifiyarsa da take dannewa a baya. Zulai, da ta sake zuwa saboda ranar, ta riƙe hannun uwarta. Alƙali ya ce in matar marigayin tana son amsawa, tana iya yi.

Ta kama bencin gaba ta miƙe da ƙyar, ta ƙi a taimaka mata. Ta faɗi kalma uku, ni kuma na kai masa su yadda ta ba ni, hannuna a aljihu.

"Ba yau ba."